Darasin da Nuriyya Ta Kai Gida

Haɗejiya, 3 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Malam Yunusa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya Inna Larai? Na daina kiran waya tunda ka ce ba ka jin komai a cikinta sai ƙugi. Shi ya sa na ba Ahmed direba wannan takarda ya sauke maka a Kafin Hausa.

Kawu, ina cikin damuwa. Shugabar makarantarmu ta riƙe 'yan matan da za su shiga ajin ƙarshe, su yi darasin hutu na mako huɗu, ni aka ba Ingilishi. A manhajar akwai nazarin jawabi. Ana so a ɗauko sanannen jawabi na tarihi, a koya wa yara gane dabarun da mai magana ya bi ya jawo ra'ayin masu sauraro. Na zaɓi jawabin da Firayim Minista ya yi a Legas ranar da aka karɓi 'yancin kai. Na raba musu kwafi, na fassara musu da Hausa layi-layi, na cika allo da sunayen dabaru.

Kwana uku ke nan ina magana ni kaɗai. Sun haddace sakin layi na farko kamar karatun allo, amma in na ce, “Me ya sa ya faɗi haka?” sai su sunkuyar da kai. Jiya wata ta ce min, “Malama, ai shi babba ne, abin da ya ga dama zai faɗa.” Wannan ce shekarata ta farko a aikin, kuma shugaba ta ce za ta shigo ajin ta zauna ta gani. Ko abinci ba na iya ci sosai.

Kai ka koyar shekara talatin da biyar. Don Allah ka gaya min inda na kuskure.

'Yarka,
Shamsiyya

Kafin Hausa, 5 ga Agusta

Zuwa ga Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ƙafa da sauƙi, Larai tana amsawa, ta ce ki ci abinci.

Kuskurenki ɗaya ne. Kin fara da mutumin da yaran ke jin nauyinsa, kuma cikin harshen da suke tsoro. Ki ajiye takardar. Ki shiga aji ki zama mai tallan magani na ranar kasuwa, irin mai lasifika a kan mota. Ki sayar musu da maganin basir har su yi dariya. In sun gama, ki tambaye su abu uku. Wa yake nufi in ya ce “mu”? Wace kalma yake ta maimaitawa? Me yake so in ji a raina, tsoro ko alfahari ko kunya, kuma in na ji me yake so in tashi in yi?

Duk yarinyar da ta taso a ƙasar Haɗejiya ta san amsar nan tun tana goye. Sunan dabarun kawai ba ta sani ba. Bayan nan sai ki dawo da jawabin Legas.

Allah ya taimaka. Rubutunki ya lalace, ki riƙa zama kafin ki rubuta.

Kawunki,
Yunusa

Haɗejiya, 17 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina gaida Inna. A zaune nake rubuta wannan.

Dabararka ta yi! Na ɗaura ɗankwali a ka kamar rawani, na naɗe littafi ya zama lasifika, na yi tallan magani har malamar lissafi ta leƙo ta taga. Da na yi tambayoyinka uku, hannuwa suka tashi ko'ina.

Washegari muka koma jawabin. Akwai wata yarinya Nuriyya Abdulrahman, daga wani ƙauye a bayan Auyo da ake kira Fadamar Kanya. Siririya ce, a can baya take zama, ban taɓa jin muryarta ba. Ita ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, me ya sa yake gode wa Turawa, alhali su suka mulke mu?”

Na ce, “Ke me kika gani?”

Ta ce, “Kamar in baƙo ya daɗe a gidanka ne kana so ya tafi. Sai ka raka shi da yabo, don kada ya tafi da fushi, kuma kada ya sami dalilin dawowa.”

Daga nan ita ta nuna wa 'yan ajin inda ya yi alkawarin cewa ba za a gaza don rashin himma ba, ta ce alkawari ne da ba wanda zai iya kama shi da shi, tunda himma ba a auna ta. Ta ce “mu” ɗin da yake yi kuwa igiya ce, yana ɗaure mutumin Legas da na Haɗejiya wuri ɗaya ko da ba su taɓa ganin juna ba. Ranar shugaba tana zaune a baya. Da aka tashi ta ce min, “Madalla.”

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min a rai. Yanzu Nuriyya ba ta jin magana sai ta ƙirga. Ranar Litinin a wajen taron safe na hango ta tana lanƙwasa yatsu shugaba na magana. Da na tambaye ta, ta ce, “Sau shida ta ce ‘tarbiyya’, Malama, kuma sau biyu ta tsorata mu da kora.” Na yi dariya, amma na ce ta riƙa ɓoye yatsun.

Ruwa ya yi yawa a nan. An fara cika buhuna da ƙasa ana ƙara wa jingar da ke tare ruwa tsayi ta bakin kogi. Ranar 28 za mu sallami yaran.

'Yarka,
Shamsiyya

Fadamar Kanya, 2 ga Satumba

Zuwa ga Malama Shamsiyya,

Assalamu alaikum Malama, da fatan kina lafiya, ya hutu? Na iso gida lafiya. Wayar Babana ba caji, kuma sabis ya ɗauke tun shekaranjiya, shi ya sa na ba Iya 'Yar'azumi mai kai kifi kasuwar Haɗejiya wannan wasiƙa.

Malama, na yi amfani da darasinki! Jiya bayan la'asar sarkin ruwan garinmu, Baba Haruna, ya tara mutane a ƙofar masallaci, mu mata muna ji ta bayan danga. Ya ce kowa ya kwashe iyalinsa ya koma makarantar firamare ta Auyo, wai jingarmu ba za ta kai Juma'a ba. Na ƙirga. Sau tara ya ce “ruwa na tafe.” Ya tsorata mutane da cewa za a tsinci gawar yara a cikin ciyawar kacalla. Ya yabi dattawa, ya ce su masu hankali ne ba sai an yi musu bayani ba. Yana ta cewa “mu tashi, mu tashi,” alhali shi gidansa a kan tudu yake, ba inda zai tashi ya je.

Kuma Malama, shekara biyu da suka wuce haka ya faɗa, aka watse, ruwan bai zo ba, tsuntsaye da shanu suka cinye shinkafar mutane.

Na zauna da Babana na bayyana masa komai dalla-dalla kamar yadda kika yi mana. Shi bai yi boko ba, amma yana sauraron maganata. Ya ce ashe kuɗin littafin bai tafi a banza ba. Yanzu yawancin gari sun tafi, amma gidanmu da na Baffa Fatihu ƙanin Babana da wasu gidaje biyu mun zauna. Saura kwana goma sha biyu a yanke shinkafa.

Na gode Malama, kin buɗe min ido.

Ɗalibarki,
Nuriyya

Haɗejiya, 3 ga Satumba

Kawu,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun. Ga wasiƙar Nuriyya nan na haɗa maka, ka karanta da kanka.

Kawu, ruwan gaskiya ne. Maƙwabcinmu ya dawo daga yamma yau da safe, ya ce ƙauyuka uku ya gani ba a ganin komai sai rufin ɗaki, kuma duk wannan ruwan nan zai biyo. Na kira lambar mahaifinta ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Na je kasuwar kifi neman 'Yar'azumi, aka ce ta juya tun hantsi.

Gida huɗu, Kawu. Da yara, da tsofaffi. Ni na sa su zauna, da alli da ɗankwalina. Na koya mata duk mai maimaita magana da mai tsoratarwa yana da abin da yake nema, ban taɓa ce mata wataƙila abin da yake nema shi ne ya cece ta ba.

Me zan yi? Ahmed zai jira amsarka kafin ya juyo.

Shamsiyya

Kafin Hausa, 3 ga Satumba

Shamsiyya,

Wa alaikumus salam. Ahmed na tsaye a ƙofa, zan taƙaita.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na ba ki tambaya uku na bar ta huɗu, kuma ita ce babba: abin da ya faɗa gaskiya ne? Na fara da mai tallan magani don yara su yi dariya, sai suka ɗauka duk mai iya magana maƙaryaci ne. Mai gaskiya ma yana maimaitawa, yana tsoratarwa, musamman in ya ga ba a jinsa. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa faɗar wannan a aji ba, don ban taɓa ganin ɗalibi ya ɗauki darasina ya kai gida ba.

Na san Haruna. Mutum ne mai kaushin baki, kuma gaskiya ne ya taɓa kuskure. Amma tun yana saurayi yake cikin ruwan nan.

Gobe da sassafe ki tafi. Ki nemi izinin mahaifiyarki, ki ce ni na ce. Kada ki kunyata yarinyar a gaban ubanta, kuma kada ki je ki yi musu jawabi. Ki sa su je su duba ruwan da idonsu.

Ni da Larai muna addu'a. Ki rubuto da zarar kin taka tudu.

Kawunki,
Yunusa

Auyo, 6 ga Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina lafiya, ina makarantar firamare ta Auyo tare da mutanen Fadamar Kanya. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta a kaina. Sauran labarin ba daɗi.

Ranar Alhamis na hau babur zuwa Auyo. Daga nan hanya ta yanke, sai kwalekwale. Awa ɗaya da rabi muna ratsa kacalla, mai tuƙi yana nuna min da sanda, yana cewa nan gonar wane ce, nan hanyar kasuwa ce, ni kuwa ba na ganin komai sai ruwa. Garin yana can ƙasa, jinga ta zagaye shi. In ka tsaya a kanta ka dubi hagu ka dubi dama, ruwan waje ya fi tsakar gidajen tsayi.

Nuriyya ta rugo ta rungume ni. Ta ɗauka yabonta na zo yi. Mahaifinta Malam Abdulrahman ya sa aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo fura. Mutum ne mai natsuwa, ya yi ta min godiya, ya ce 'yarsa ta zama idonsa.

Ka ce kada in yi jawabi, amma a cikin kwalekwale na shirya guda, har da inda zan ɗaga murya. Da na buɗe baki na ga idon Nuriyya a kaina, sai na kasa. Na ce kawai, “Nuriyya, darasin bai ƙare ba. Akwai tambayar da ban ba ku ba, laifina ne. Kin gano yadda Baba Haruna ya yi magana. Kin je kin duba ko abin da ya faɗa haka ne?”

Ta ce, “Malama, ai dabara ce.”

Na ce, “Dabara ce. Amma mu je mu gani.”

Muka tafi mu huɗu, ni da ita da mahaifinta da Baffa Fatihu. Muka tarar da Baba Haruna a kan jinga shi kaɗai, laka har gwiwa, yana danna buhu. Bai gaishe mu ba. Ya dubi Nuriyya ya ce, “Ke ce mai ƙirga min magana? To zo ki ƙirga wannan.” Ya nuna wata sanda da ya kafa a ruwa, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Ya ce ta ɗaura zare daidai bakin ruwa. Ta ciro zare daga bakin mayafinta ta ɗaura. Ya kai mu bayan jingar, ya nuna mana inda ruwa ke tsatsowa ta ƙasa, ja-ja da shi. Ya ce, “In fari ne da sauƙi. In ya yi ja, ƙasar jingar yake ɗebowa.”

Malam Abdulrahman ya ce, “Bara waccan ma haka ka ce.”

Baba Haruna ya ce, “Na ce, na yi kuskure, kun yi asara. Bana ban yi ba.”

Aka yi azahar, aka yi la'asar, muka koma. Zaren ya nutse. Nuriyya ta zura hannu ta laluba shi, yatsu huɗu a ƙarƙashin ruwa. Ta miƙe ta nuna wa mahaifinta yatsun huɗu.

Nan take aka yarda mata da yara da tsofaffi su tafi. Baba Haruna ya kawo kwalekwale uku. Sauran gidaje biyun suka fito har mazansu. Amma Malam Abdulrahman ya ce shi zai zauna, ya riƙa toshe inda ke yoyo, ko Allah zai sa jingar ta kai ranar yanka. Shinkafar nan ita ce abincin shekararsu. Baffa Fatihu ya ce ba zai bar yayansa shi kaɗai ba.

Kawu, abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Nuriyya ta durƙusa a gabansa cikin laka, ta riƙe bakin rigarsa. Ta ce, “Baba, ka taho. Baba, in ka mutu wa zai riƙe mu? Baba, kai ne mai hankalin garin nan, ka fi kowa sanin abin da ka gani. Don Allah Baba mu tafi.”

Ya yi murmushi, ya dafa kanta. Ya ce, “Sau huɗu kin ce Baba. Kin tsorata ni da mutuwa, kin yabe ni. Ai na iya karatun, Nuriyya.” Ba da gatse ya faɗa ba. Wasa yake mata don ta daina kuka. Amma bai shiga kwalekwalen ba.

Na roƙe shi ni ma. Ya ce, “Malama, kin yi naki. Ki kai min su tudu.”

Muka iso Auyo da magariba. Jiya Juma'a da hantsi jingar ta ɓalle. Waɗanda suka hango daga nesa sun ce ba a yi rabin awa ba garin ya shafe. Baba Haruna ya fita da kwalekwale tun jiya, ya dawo ba kowa, yau ma ya sake fita. Ruwan yana da ƙarfi, ba ya barin a matsa kusa.

Nuriyya ba ta ci ba, ba ta magana. Tana zaune a bakin hanya inda kwalekwale ke tsayawa. Na zauna kusa da ita na ce mata laifina ne, na ce mahaifinta don shinkafa ya zauna ba don maganarta ba. Ban san ko ta yarda ba, ni ma ban san ko na yarda ba.

Mahaifiyata ta aiko in koma gobe. Ka ci gaba da addu'a, Kawu. Kuma ka gaya min yadda zan sake tsayawa a gaban aji.

'Yarka,
Shamsiyya

Auyo, 10 ga Satumba

Zuwa ga Malama Shamsiyya,

Assalamu alaikum Malama, da fatan kin isa gida lafiya.

An ga Babana. Ranar Lahadi bayan tafiyarki Baba Haruna ya same shi a kan bishiyar kanya ta bayan gari, kwana biyu yana kai. Yana asibiti, ƙafafunsa sun kumbura, amma yana magana. Ya ce in gaishe ki, kuma ya ce in koma makaranta in an buɗe.

Ba a ga Baffa Fatihu ba. Babana ya ce tare suka kama reshe, ruwa ya raba su. Har yau ana fita nema.

Matarsa Gwaggo Uwa aji ɗaya aka sauke mu da ita, tabarmarta na kallon tawa. Ta san ni na yi wa Babana bayani, kowa ya sani. Ba ta ce min komai ba. Jiya da aka raba abinci ta zuba nata a kwano ta turo min, ta ce, “Ci, kin rame.” Na kasa ci, na kasa mayar mata.

Malama, me zan ce mata?

Ki huta lafiya.

Ɗalibarki,
Nuriyya